Yadda Za Ka Koyar da Waƙar da Kai Ma Ba Ka Gane Ba

Alkawari na yi maka tun daga farko. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka tsaya gaban ɗalibai talatin da ɗaya, a miƙo maka waƙar Turanci wadda ba ka taɓa gani ba, ba ka san gabanta ba balle bayanta, ka yi minti arba'in kana fashin baƙi a kanta, ka fito ko gumi bai taɓa wuyan rigarka ba. Ba a bakin wani na ji ba. Ni Jatau, mutumin Damri ta ƙasar Bakura, na yi wannan aiki wata bakwai cur a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, a shekarun da katafilolin aikin dam suke baje gonakin mutane, kuma har yau ba wanda ya kai ni ƙara. Gyara zama.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata ba fanninka ba ne

Wanda ya karanci adabi yana da wata cuta, ita ce idan bai gane abu ba sai ya ji kunya. Kai ba ka da wannan nauyin.

Ni malamin aikin gona ne. Abin da na sani shi ne taki, da tazarar shuka, da ƙwarin da ke cin wake. Wata Litinin na tafi gonar makaranta da yara, muka tarar an turke ta da jajayen sanduna. Kafin sati ya zagayo katafila ta bi ta kanta, domin nan aka ce kanal, wato hanyar ruwan dam, zai ratsa. A cikin satin nan ne kuma Malam Maiwada, mai koyar da adabin Turanci, ya ajiye alli ya tafi yi wa Turawan kamfanin aikin dam tafinta, inda ake ba shi hular ƙarfe da abincin rana.

Shugaban makaranta, Malam Tukur, ya kira ni ofis. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Jatau, kai ba ka da gona, 'yan aji biyar ba su da malami. Ka ga Allah ya haɗa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni waƙar da na sani ta gayya ce."

Ya ce, "Waƙa dai waƙa ce. Jarrabawa saura wata bakwai. Akwai takardar da ake kawo masu waƙa ko wani guntun labari da ba su taɓa gani ba, a ce su yi sharhi. Tun da ba wanda ya taɓa ganin abin, kai da Maiwada duk ɗaya kuke."

Na juya maganar a raina, na rasa ta inda zan kama ta. Na karɓa.

Mataki na biyu: Ka mallaki ƙamus, amma kada ka buɗe shi

Nemi mafi kauri. Ka shigo da shi a hammata, ka ajiye shi a kan tebur da ƙarfi yadda ƙurar alli za ta tashi, ka ɗora hannu a kai. Shi ke nan aikinsa. Malamin da ya buɗe ƙamus gaban yara ya shaida masu akwai kalmar da ta fi ƙarfinsa.

Mataki na uku: Ka sani waƙoƙin duniya duk jigo uku ne

Wannan ni na gano shi, ban ara wurin kowa ba. Duk waƙar da za a kawo, ko dai a kan mutuwa take, ko a kan ruwan sama, ko a kan mulkin mallaka.

Idan ka ga dare, ko tsoho, ko ganye ya faɗo, mutuwa ce. Idan ka ga tsuntsu, ko fure, ko wani abu kore, ruwan sama ne. Idan ka karanta sau biyu kanka ya fara ciwo, mulkin mallaka ne, domin ba abin da ke sa ciwon kai irin wannan sai shi.

Na rubuta wannan a allo, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Wata yarinya mai suna Suwaiba, mai zama a gaba, mai rubutu kamar na injin, ta kwafe shi ta haddace kamar karatun allo. Ran nan na ba su waƙa a kan wata mage da ke barci a bakin taga. Suwaiba ta cika shafi biyu tana nuna cewa magen Bature ce, tagar kuma ƙasarmu. Na ba ta tara cikin goma. Ɗayan na riƙe ne don kada ta raina ni.

Mataki na huɗu: Zube ya fi sauƙi, don ya fi tsawo

Idan guntun labari aka kawo, ka sa yara su haddace jimloli uku. Ta farko: marubucin ya yi amfani da kalmomi masu jan hankali. Ta biyu: wannan ya sa mai karatu ya ga abin kamar a gabansa. Ta uku: lalle akwai darasi a ciki. Ba labarin da aka taɓa rubutawa wanda waɗannan ba su hau kansa ba. Na gwada su a kan takardar da ke cikin kwalin maganin ƙwari, sun zauna daram.

Ka kuma riƙe manyan kalmomi guda huɗu ko biyar, irin su jigo, salo, kamance, jinsarwa. Ka riƙa yafa su kamar yadda ake yafa taki, ba sai ka san wace shuka za ta ci ba.

Mataki na biyar: Tambaya, mayar da ita ga mai ita

A kowane aji akwai mutum ɗaya da Allah ya aiko don ya gwada imaninka. Tawa sunanta Nafisatu, 'yar wani manomi daga wajen Maradun. Ba ta da surutu. Tana zama a layi na uku jikin bango, ta daɗe tana kallon takarda, sannan ta ɗaga hannu a hankali kamar mai jin nauyinsa.

"Malam, mi ya sa mawaƙin ya ce ƙofar a buɗe take, a baiti na ƙarshe kuma ya ce ya ƙwanƙwasa?"

Ka lura da abin da za ka yi. Kada ka dubi takardar. Ka yi murmushi, ka gyaɗa kai sau uku, ka ce, "Madalla. Ke mi kika gani?" Duk abin da ta faɗa, ka ce, "Kin kusa." Idan ta nemi ka ƙarasa mata, ka ce lokaci ya ƙure, ta je ta ƙara tunani. Haka na yi wa Nafisatu wata huɗu. Kullum tana kusa, ba ta taɓa isowa ba, domin ni ma ban san inda ake zuwa ba.

Sai daga baya Malam Tukur ya gaya mani cewa gidansu duk ita ake kallo. Gonarsu tana cikin waɗanda aka baje. Idan ta ci jarrabawa, za ta samu shiga makarantar koyon jinya a Sakkwato. Idan ta faɗi, za ta koma gidan da rumbunsa ya shekara biyu bai ga sabon gero ba. Shawarata ita ce kada ka bari a gaya maka irin wannan labari. Yana hana hannu zama daidai a kan ƙamus.

Mataki na shida: Idan sufeto ya zo, ka tsawaita gaisuwa

Wata Laraba da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar makaranta. Sufeton makarantu ne daga Sakkwato, Malam Abdulhamid, siririn mutum mai tabarau, wanda aka ce rahotonsa ɗaya ya taɓa mayar da wani malami ƙauyen da mota ba ta zuwa sai da rani. Ya ce ajin adabi yake son gani.

Darasi minti arba'in ne. Duk mintin da gaisuwa ta ci, kai ka ci riba. Na tare shi a bakin aji. Na tambayi hanya, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi mutanen Sakkwato, na tambayi zafi, na koma kan gajiya. Na tambayi direbansa. Ina shirin tambayar lafiyar motar ya duba agogo ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, duk suna lahiya. Mu shiga."

Minti shida kawai na samu. Da mutumin Bakura ne da na kai sha biyar.

Ya buɗe jaka ya fito da takardu masu warin tawada, ya ce a raba. "Waƙa ce 'yar gajeruwa. Ba su taɓa ganinta ba, kai ma haka. Ina son in ga yadda kuke yi." Ya tafi bayan aji ya zauna a kan benci, ya buɗe littafinsa.

Mataki na bakwai: Nemi kalmar da aka maimaita, ka hau ta

Ga abin da ke cikin waƙar, gwargwadon yadda na iya tsinta. Wani mutum ne ke tashi da sassafe, ya sa rigar aiki, matarsa ta ƙunsa masa burodi, ya bi sahun maza zuwa hanyar masana'anta. Da yamma ya dawo tare da su, ya tsaya a bakin ƙofa ya wanke hannu a cikin kwano. Baiti uku ne, kuma kowanne ya ƙare da ɗango iri ɗaya: hannuwansa tas suke.

Na laluba. Ba tsoho, ba ganye. Ba tsuntsu. Kaina kuma bai yi ciwo ba, domin Turancin mai sauƙi ne. Jigona uku duk sun gudu sun bar ni. Sai na kama ɗangon da aka maimaita, na hau shi kamar jaki.

Na ce, "Yara, jigon wannan waƙa tsafta ne."

Na yi minti goma sha ɗaya a kai. Na yabi mutumin. Na ce dubi yadda yake wanke hannu kafin ya shiga gida, ba kamar wasu mazan ba. Na kawo maganar ƙuda da gudawa. Na ce mawaƙin ya yi amfani da kalmomi masu jan hankali don ya sa mai karatu ya ga sabulu kamar a gabansa, ko da yake ba sabulu a waƙar. Suwaiba tana rubutawa har alƙalaminta na ƙara. Daga bayan aji kuma ina jin na sufeto yana tafiya, shi ma bai tsaya ba.

Mataki na takwas: Idan hannu ya tashi, ka dubi taga

Wannan ne matakin da na fi so ka kiyaye, domin a nan ni na faɗi.

Hannun Nafisatu ya tashi. Na dubi taga. Na dubi allo. Na gyara zaman ƙamus. Sai sufeto ya ce daga baya, "Malam, ga wata can jikin bango."

Ta miƙe da takardar a hannunta.

"Malam, ni gani nike ba tsabta ba ce. Mutumin ga ba shi da aiki. An sallame shi, bai gaya ma matarshi ba."

Na yi murmushina na kullum. "Madalla. A ina kika ga haka?"

"A baiti na biyu an ce sauran mazan sun dawo da baƙin mai a hannu. Shi ba a ce ba. Kuma da ya wanke hannu, an ce ruwan kwanon garau yake, har ana ganin gindin kwano. Wanda ya wuni aiki ba ya barin ruwa garau. Kuma ba a taɓa cewa ya shiga masana'antar ba. An dai ce ya bi hanyar."

Na duba takardar, karo na farko da na dube ta da gaske. Duk abin da ta faɗa yana nan, a Turancin da ɗan aji ɗaya zai karanta.

Sufeto ya ce, "Ɗiyata, mi ya kai hankalinki nan?"

Ta ajiye takardar a kan benci. Sannan ta ce, "Babana haka shike yi. Tun da anka baje gonarmu anka ce a jira sai an gama aiki, kullum da safe shina ɗaukar hauya shi fita. Da azahar shi dawo shi jingine ta. Ran nan na tafi hutu, na ɗauki hauyar in gyara wurin, na ga bakinta ya yi tsatsa."

Rabin yaran nan daga Maradun da Bakura da ƙauyukan Mafara suke, kuma na ga wasu sun sunkuyar da kai. Suwaiba ta ajiye alƙalami. Ni kuwa na dubi hannuna, wanda rabonsa da ƙasa tun ranar jajayen sanduna, na ga ba komai a kansa sai farin alli. Na sa shi a aljihu.

Bakina ya buɗe zai ce "Kin kusa." Abin da ya fito shi ne, "Haka ne. Ita ta gane, ni ban gane ba."

Mataki na tara: Yabo, ko ba naka ba ne, karɓe

A ofis, Malam Abdulhamid ya shaida wa Malam Tukur cewa ya daɗe bai ga dabara irin tawa ba. Wai na kawo fassarar banza da gangan, na yi ta jan ta, don in tunzura yara su yi mani gardama da hujja daga cikin waƙar. Yana faɗa yana kallona ta saman tabarau, kuma har yau ban san ko ya yarda da abin da yake faɗa ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ƙoƙari dai muke yi."

Da zai shiga mota ya riƙe hannuna ya rage murya. "Malam Jatau, saura wata uku. Dabarar ga, sau ɗaya ake yin ta."

Mataki na goma: Kada ka yi abin da na yi bayan nan

Na sa shi cikin jerin ne don ka san shi ka kauce masa.

Washegari na shiga aji na buɗe ƙamus a gabansu. Ƙura ta tashi daga cikinsa, wata ta yi atishawa. Na goge jigo uku daga allo, na ce daga yau duk abin da aka kawo, waƙa ko zube, tambaya uku za mu yi masa. Wa ke magana? Mi ya faru, a ina aka faɗa? Mi ya kamata a faɗa aka ƙi faɗa? Na ce duk wadda ta kawo magana sai ta ɗora yatsa a kan ɗangon da ya ba ta ita, ni ma haka.

Wahala ce tsagwaronta. Bayan la'asar muna zama a inuwar ɗakin karatu da tsofaffin takardun da Maiwada ya bari, muna bin su kalma kalma. Sau da yawa yaran ke riga ni. Suwaiba ta yi kwana uku ba ta gaishe ni da kyau ba, ta ce na sa ta haddace ƙarya. Ranar da ta gano da kanta cewa magen nan mage ce kawai, kuma mawaƙin ƙyashin barcinta yake yi don shi ya kasa runtsawa, sai da ta zo har gaban tebur ta nuna mani ɗangon.

Ka ga illar. Da can ina tashi aiki da azahar in yi barcina. Yanzu ga ni da karatu kamar ni zan zauna jarrabawar.

Mataki na sha ɗaya: Idan iyaye suka zo godiya, ka ce aikin Allah ne

Sakamako ya fito bayan damina. Cikin talatin da ɗaya, goma sha tara suka ci adabi. Sha biyu suka faɗi, kuma na san wata huɗun da na ɓata yana cikin abin da ya kayar da su. Wannan ba na iya mayar da shi wasa, don haka mu wuce.

Nafisatu ta ci, ta samu gurbinta a Sakkwato. Ranar kasuwar Mafara sai ga mahaifinta, Malam Maccido, ya zo makaranta yana tambayar malamin waƙa. Dogon mutum ne mai furfura a gemu. Muka zauna a kan benci, muka gaisa gaisuwa ta gaske, wadda ba mai duban agogo. Ya yi godiya, na ce aikin Allah ne.

Sannan ya ce, "Ɗiyar ga ta ce mani kun karanta labarin wani mutum na ƙasar Turawa mai fita da rigar aiki."

Na ce, "Malam, yarinya ce, ba da nufin tona..."

Ya ɗaga hannu. "Ba komi. Abin da anka gani an gani. Tambaya gare ni. Shi mutumin, daga baya ya gaya ma iyalinshi?"

Na ce, "Waƙar ba ta faɗa ba. A wanke hannun ta tsaya."

"To ruwan da ya wanke hannun, wa ke zubarwa?"

Na ɗauko takardar daga cikin ƙamus na duba. Yana nan a ɗango na biyun ƙarshe, wanda ni da sufeto da yara talatin da ɗaya muka bi ta kansa muka wuce. Na ce, "Matar ce. An ce ta ɗauki kwanon ta zuba wa shukarta, ba ta ce komai ba."

Malam Maccido ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To ta sani. Tun ranar farko ta sani." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Bari in koma, Malam. Yau ina da magana a gida."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin komai. Idan ka bi matakan nan aka mayar da kai ƙauyen da ba hanya, kai da sufetonka. Idan ɗalibanka suka faɗi, ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Idan kuma wani manomi da bai taɓa zama a aji ba ya zo ya nuna maka ɗangon da ka tsallake, kada ka neme ni, domin ni ma haka aka yi mani. Raka shi na yi har bakin titi, na riƙe masa kekensa ya hau.